Yadda ake hawan dutse mai kufan mutanen da a ƙasar Damagaram

Tun ranar da na nuna wa ƴan fadarmu hotunan da na ɗauko a kan wani ɗan dutse can gabas da gari ban sake shan shayi cikin kwanciyar hankali ba, kowa sai tambaya, ina ne wurin, nawa ka kashe, ba macizai, mutanen ƙauyen sun bar ka ka hau, wani ma cewa ya yi wai ko zinariya na je nema. To ga amsar gaba ɗaya wuri guda, wanda ya sake tambayata sai in ce je ka karanta.

Abin da nake magana a kai ba wani babban tsauni ba ne irin na Ayar ko Termit. Ƙananan duwatsun nan nake nufi da Allah ya zuba mana, irin waɗanda kake gani tun daga cikin Birni, tsohuwar unguwar Zinder, ka bi hanyar Mirya ka gan su, ka nufi Damagaram Takaya ko Gure suna nan jibge kamar an tara su da hannu. Mai lafiya in ya miƙe zai kai ƙololuwar irinsu cikin minti 30 ko 40. Amma wanda ya hau cikin minti 30 ƙafarsa kawai ta je, idonsa bai ga komai ba.

1. Zaɓen dutse

Ba kowane dutse ne ke da kufai ba, kada ka ɗauki moto ka ce duk wanda ya yi maka kyau daga bakin titi shi za ka hau. Tambaya ake fara yi. Kuma kada ka je kana ce wa tsoho kana neman "kayan tarihi", ba zai gane me kake so ba ko kuma ya gane wani abu daban. Ce masa, Baba, ina ne ake ganin tsingaro da yawa a ƙasa, ina ne ake tsintar gatarin aradu, akwai inda kashin maƙera (ragowar da ke fita in an narka tama) yake zube, akwai dutsen da aka ce mutanen da sun zauna a kansa. Makiyaya da mafarauta da mata masu itace su suka fi kowa sani, don su ke taka wurin kullum.

Sunan wuri ma yana faɗa maka. Duk inda ka ji an ce kufai ko kufan wane, ko tsohon birni, ko maƙera alhali babu maƙeri ko ɗaya a wurin yanzu, to akwai magana. Kufan Kanawa da ke nan ƙasarmu misali ne, tsohon mazauni mai ganuwa wanda ake cewa can Kanawa suka zauna kafin su koma Kano, har wata masaniya mai suna Anne Haour ta zo ta yi haƙa a wurin.

In ka samu sunaye biyu ko uku sai ka buɗe Google Maps ka juya shi ya nuna hoton sama, ka duba nisan dutsen da ƙauye, ka duba ta ina turba ta shiga. Na farko ka zaɓi wanda bai wuce tafiyar awa ɗaya a moto daga gari ba kuma akwai ƙauye a gindinsa. Ka sauke taswirar a salula tun kana gida don can rezo sai a hankali.

Gargaɗi a nan: Termit da can arewa ka cire su daga lissafi tukuna. Gaskiya ne can akwai zane a jikin duwatsu da wuraren da aka narka ƙarfe tun kafin haihuwar Annabi Isa, amma tun 2012 wurin gandun da gwamnati ta keɓe ne, ba a shiga sai da izini da mota mai ƙarfi da rakiya, ga maganar tsaro. Wannan ba tafiyar ranar Lahadi ba ce.

2. Lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ke nan. Ni Disamba da Janairu na fi so, an gama girbi ciyawa ta kwanta dabbobi sun cinye sauran, ƙasa ta fito fili kana ganin abin da ke kanta. Maris zuwa Mayu kada ka yarda, zafi ya wuce digiri 40 kuma falalen dutse yana riƙe zafi kamar tanda, tafin hannunka ma ba za ka iya ɗorawa ba. Da damina ga santsi ga ciyawa ta rufe komai ga macizai sun fito, kuma mutum a ƙololuwar dutse hadari ya taso, ka san shi ne abu mafi tsawo a wurin in aradu za ta faɗi.

Ranar da ka tashi ka ga ƙura ta rufe gari ka fasa, ba abin da za ka hango daga sama sai fari fat, ga tari da za ka kwaso. Ka bar gari da an sallame Asuba, a lokacin sanyi rana tana fitowa wajen ƙarfe 7 saura, so ake ƙarfe 7 da rabi ta same ka a gindin dutse.

3. Kayan da za ka ɗauka

Takalmi shi ne na ɗaya. Basket mai ƙasan roba wanda ka saba sawa, da safa mai kauri. Silifa a'a, takalmin fata mai santsi na zuwa biki a'a, sabon takalmi da ka sayo jiya a kasuwar Dole shi ma a'a don kafin ka kai rabi ya ci maka dunduniya. Za ka ga yaron ƙauye yana tsalle a kan dutsen da silifa ko ma ba takalmi, kada ka kwaikwaye shi, shi can aka haife shi.

Wando mai kauri dogo, riga mai dogon hannu, malafa ko rawani. Babbar riga da jallabiya a bar su gida, suna kama ƙaya suna kuma rufe maka ganin inda za ka taka. Ƴan uwa mata ku sa wando a ƙarƙashin zani, hijabin kuma matsakaici wanda ba zai shiga ƙarƙashin ƙafa ba in an sunkuya.

Ruwa lita 3 kowane mutum, ba lita 3 na ku duka ba. In piya wata ne leda 6 ke nan kowa, amma gara ka juye a gora ko ƙaramin bido don leda tana fashewa a jaka kuma ita ce ke zama shara a kan dutse. Ruwan nan na sha ne, in lokacin salla ya same ka can ga ƙasa ga dutse ka yi taimama. Guzuri mara nauyi, dabino, gujiya, cuku, ɗan kilishi, ko tukudi in an dama maka a gida. Kada ka cika ciki da tuwo kafin hawa.

Sauran ƙananan: sanda mai ƙwari wadda ta kai maka ƙirji, hantsaki na cire ƙaya, bandeji, ƙullin gishiri da sukari, tocila ko da kana ganin da rana za ka dawo, salula cike da caji da kiredi, katin shaidarka don shingen jandarma a hanya, littafi da biro, da kwabo guda na 100F, zan faɗi amfaninsa a gaba. Duk a jakar goyo, hannuwanka biyu su zama babu komai sai sanda.

Abin da ba za ka ɗauka ba kuma: diga, shebur, fartanya, guduma, ko na'urar nan mai kuka ta masu neman zinariya. Ko da ba ka yi niyyar komai ba ganinsu kawai a bayan motonka ya isa ya ɓata maka tafiya.

4. Abokin tafiya da sanar da gida

Mutum biyu ko uku, kada ku wuce biyar. Kai kaɗai kada ka je, targaɗe kawai ya isa ya zaunar da kai a inda ba mai jin kiranka. Ka faɗa wa wani a gida sunan ƙauyen da lokacin da za ka dawo, ka ce in La'asar ta yi bai ji ka ba ya fara nema. Ka duba tayar moto da mai tun daren, yashi ne da ƙaya a hanyoyin ƙauye.

5. Gaisuwar maigari

Wannan shi ne matakin da ƴan birni suka fi raina wa kuma shi ya fi ɓata musu tafiya. Dutse yana da masu shi. Ko ka ga ba kowa, gonar wani ce a gindinsa, makiyayar wani ce, wataƙila kakannin wani ne kwance a kai.

Ka sauka daga moto tun kafin ƙofar gidan maigari, ka cire takalmi in a zaure yake, ka durƙusa ka gaisa gaisuwa cikakkiya ba ta tsaye ba, ranka ya daɗe, ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi, yaya jama'a. Ka ajiye ɗan goronka. Sai an tambaye ka sannan ka faɗi abin da ya kawo ka, kuma ka faɗe shi a sarari: daga Damagaram muke, mun ji an ce mutanen da sun zauna kan dutsen nan, muna so mu gani da ido mu ɗauki hoto, ba za mu haƙa ba ba za mu ɗauki komai ba. Jimlar nan ta ƙarshe ka maimaita ta. Tun da zinariyar Jado ta fashe a 2014 duk baƙon da ya zo yana kallon dutse ana yi masa kallon mai neman arziki, ni kaina a wani ƙauye sai da na zazzage jakata gaban dattawa suka ga dabino da biro sannan fuska ta saki.

Tambayoyi uku kada ka tashi ba ka yi su ba. Akwai inda ba a zuwa? Akwai zuma a wani kogo? Wa za a ba mu ya raka mu?

Gargaɗi: in aka ce maka wuri kaza ba a takawa, na iskoki ne ko wurin da ake yanka ne tun kaka da kakanni, ka ce to. Ba ka zo wa'azi ba kuma ba ka zo gwada jarumta ba. Ra'ayinka a kan maganar ka riƙe shi a cikinka, kai dai baƙo ne. Sau da yawa ma irin wannan tsoron shi ya tsare wurin har ka zo ka same shi yadda yake.

Ɗan rakiya ku yi ciniki da shi tun a ƙasa gaban mutane, kada a bari sai an sauko. In da zaɓi ka ɗauki dattijo mafarauci ko makiyayi a kan saurayi, saurayi gudu zai yi da kai zuwa sama, dattijo shi zai tsaya ya nuna maka da bakin sanda ya ce ga inda suke niƙa. Moton kuma a bar shi ƙofar gidan maigari.

6. Zagayen gindi kafin hawa

Kada ka fara hawa kai tsaye. Ka ba gindin dutsen minti 20 ko 30 kana tafiya a hankali ido a ƙasa, musamman inda ruwan damina ya zaizaye ya yi ɗan kwazazzabo, nan ne ƙasa ke tona abin da ta rufe. Yawancin kashin maƙera a ƙasa ake ganinsa ba a sama ba, don masu narka tama suna son kusa da itace da ruwa.

A nan ne kuma za ka zaɓi hanyar hawa, ka tsaya nesa kaɗan ka kalli dutsen duka. Inda ka ga kashin awaki ya yi layi nan ce hanya. Ka juya ka dubi bayanka ka riƙe wata alama, gawo ko kuka ko rumbun wani gida, don dutse daga sama kamanninsa daban ne, duk gefen iri ɗaya za ka gan su.

7. Hawan kansa

Ƙananan taku, kuma kada ka miƙe sama ɗoɗar, ka riƙa karkata dama da hagu kamar yadda jaki ke hawan tudu. A kan falalen dutse ka ɗora tafin ƙafa duka ba yatsu kawai ba. In ya kai ga sa hannu to ƙa'ida ita ce gaɓoɓi uku a manne ɗaya ke motsi. Irin dutsenmu yana ɓare ɓawo kamar albasa, zafin rana da sanyin dare ke sa shi, za ka ga faffaɗan ɓawo kamar mai ƙarfi alhali a sake yake, ka ƙwanƙwasa da sanda, in ka ji ya yi amo kamar ganga kada ka ɗora nauyinka. Inda ka ga baƙin layi ya gangaro a jikin dutse hanyar ruwa ce, ta fi ko'ina santsi ko da a bushe take.

Ku bar tazara tsakaninku, kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani, dutse in ya kuɓuce wa na sama kan na ƙasa zai sauka. Duk minti 15 a tsaya a kurɓi ruwa ko ba a jin ƙishirwa, iskar hunturu tana busar da gumi ba ka sanin kana zubar da shi.

Gargaɗi, kuma wannan da gaske nake: kada ka sa hannu ko ƙafa inda idonka bai gani ba. Tsagar dutse da ƙarƙashin fa gidan kunama ne da maciji. Kububuwa ƙarama ce, kalarta kalar ƙasa, in ta ji motsi tana goga jikinta tana wani sauti kamar ana zuba ruwa a wuta, in ka ji haka ka tsaya cak ka gano inda take sannan ka ja baya. Kasa kuma ba ta gudu, kwanciyarta take yi sai ka taka ta. Sanda ta riga ƙafarka shiga kowace ciyawa. In tsautsayi ya faɗa aka sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau da igiya ko roba, a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗaura wa ƙafar sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi kada ya taka, a nufi likita inda ake da allurar dafi. Ko ya ce ya ji sauƙi a tafi, dafin kububuwa hana jini daskarewa yake kuma yana iya ɗaukar sa'o'i kafin ya nuna kansa. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce in akwai rezo.

Zuma ma ba abin wasa ba ce. In ka ji gunjinsu ko ka ga suna shiga suna fita daga wata tsaga ka canza hanya shiru, ba ihu ba jifa, turare mai ƙarfi ma kada ka fesa ranar.

8. Yadda za ka gane abin da kake gani

To nan ne daɗin yake, kuma nan nake so ka ɓata lokacinka. Wuraren dubawa su ne ɗan fili mai ƙasa tsakanin manyan duwatsu, da bakin kogo, da inuwar fa mai rumfa. Ka tambayi kanka in ni ne da iyalina ina zan kwana a nan iska ba ta dame ni ba kuma ina hango mai zuwa, to je can ka duba.

Tsingaro shi za ka fara gani. Ka tsuguna ka dube shi da kyau, na da sau da yawa yana da zane a bayansa, wani kamar an murza igiya a kan ɗanyen yumɓu, wani sawun tabarma, wani ɗigo-ɗigo a jere kamar an danna da tsinke ko matsefi. Bakin tukunya ya fi kowane ɓangare magana. In kana so idonka ya waye ka fara zuwa Mirya ka kalli tukwanen da ake ginawa yanzu, sai ka ga bambancin hannu. Tulun da makiyayi ya fasa bara gefensa kaifi ne, na da gefen ya lashe ya yi laushi.

Gurbin niƙa: rami mai siffar ƙwai a jikin falalen dutse, wani lokaci guda biyar ko goma a jere. Ka shafa cikinsa da tafin hannu, in sumul yake kamar cikin akushi hannun mutum ne ya cinye shi, in kuwa kaushi ne kuma bakinsa ba tsari to ruwa da iska ne suka yi aikinsu. Ni duk abin da ke kan dutse wannan ya fi taɓa ni, ka durƙusa daidai inda wata mata ta durƙusa shekara da shekaru har dutse ya lotsa.

Kashin maƙera baƙi ne ko ruwan toka mai duhu, ya fi girmansa nauyi, da ƙananan ramuka kamar ya tafasa, wani gefen kamar abu ya narke ya kwarara ya daskare. Kada ka haɗa shi da marmara, ita ja ce kuma tana marmashewa. In ka ga guntun bututun yumɓu da ya ƙone kusa da shi, ta nan iska ke shiga murhun.

Gatarin aradu kowa ya san sunansa, ɗan dutse mai sulɓi da baki kamar na gatari, an ce aradu ce ke jefo shi. Mutum ne ya wasa shi da hannunsa tun kafin a san ƙarfe. Haka kan kibiya na dutse, da ƴan ƙananan duwatsun wuya na ɓawon ƙwan jimina masu huda a tsakiya, waɗannan sai mai sa'a da haƙuri.

Duwatsu da aka jera a da'ira tushen ɗaki ne, in da'irar ƙarama ce da dutse a tsakiya galibi mazaunin rumbu ne. Dogon layin duwatsu da ya toshe wata kafa tsakanin manyan fannai ganuwa ce. Tsibin duwatsu kuma da ka ga ba ruwa ne ya tara su ba ka ɗauka kushewa ce, kada ka hau kai kada ka zauna kada ka ɗaga ko ɗaya.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, ba duk abin da ke kan dutse ne ya shekara dubbai ba. Mutane sun yi ta gudu kan duwatsun nan lokacin hare-hare har zuwa ƙarni na 19, zamanin su Sarki Tanimun da ya yi ganuwar Birni, kuma a wuri ɗaya kana iya samun gatarin dutse da tsingaron da bai fi shekara 200 ba suna kwance gefe da gefe. Saboda haka kada ka sauko kana cewa ka gano garin da ya shekara 5000, shekaru sai masana sun auna. Ka ce ga abin da na gani.

Gargaɗi mafi girma a rubutun nan: ka duba, in ka ɗaga ka mayar daidai gurbinsa da fuskar da ka same shi, kada ko tsingaro ɗaya ya shiga aljihunka. Abin da ke ba shi daraja inda yake kwance ne da abin da ke kusa da shi, ranar da ya koma kan tebur ɗinka ya zama fasasshiyar tukunya kawai. Kuma doka ce, dokar 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta kare kayan tarihin ƙasa, haƙa ba izini laifi ne. Wanda ya san abin da ya faru da Bura can yamma bayan an gano wurin a 1975, yadda aka yi ta tone kaburbura ana sayar da kayan a ƙasashen waje, ya san inda "ɗan guda ɗaya kawai" ke kaiwa. In yaro ya biyo ka da gatarin aradu ya ce ka saya kada ka saya, yau ka ba shi 500F gobe duk yaran ƙauyen sun hau da fartanya.

9. Hoto da rubutu

Ga amfanin kwabon nan, ka ajiye shi gefen abin kafin ka ɗauka don mai kallo ya san girmansa. Kowane abu hoto uku, na kusa, na tsaye da ke nuna abin da ke kewaye, da na nesa da ke nuna inda yake a jikin dutsen. Hasken safe da ke zuwa a karkace shi ke fito da zane da gurbi, da rana ta take duk sai su ɓace. In ka yi sa'ar samun zane ko fenti a jikin fa, irin na Birnin Kudu can Najeriya, kada ka zuba masa ruwa don ya fito, kada ka bi shi da alli ko gawayi, kada ka shafa. Sunanka da lambar salularka kuma ba wanda ya roƙe ka ka rubuta su a dutse.

GPS na salula yana aiki ko ba rezo, ka ɗauki lambobin wurin ka rubuta a littafi tare da kwanan wata da sunan da mutanen ƙauyen ke kiran dutsen da abin da ɗan rakiya ya faɗa maka, a bakinsa yadda ya faɗa. Hoto ka sa a Facebook in kana so amma lambobin GPS da sunan ƙauyen ka riƙe su, ba duk mai kallo ne mai son tarihi ba.

10. Saukowa

Ƙarfe 10 da rabi ka juya, ko kuma da ruwanka ya kai rabi, duk wanda ya riga zuwa, ko da ba ka kai ƙololuwa ba. Yawancin faɗuwa a saukowa ake yinta, gwiwa ta gaji hankali ya koma gida. Ka bi hanyar da ka hau, kada ka ga ƙauye can ƙasa kamar kusa ka ce bari in yanke, ni na taɓa yankewa na tsinci kaina bakin wani fa mai tsayin ɗaki biyu sai da na sake hawa na zagayo, awa guda ta tafi a banza ga ɗan rakiya yana ta yi mini dariya. Inda ya yi tsaye ka juya ka fuskanci dutsen ka sauko da baya kamar tsani, ko ka zauna ka ja gindi, ba wanda zai ba ka lambar yabo don ka sauko a tsaye. Tsakuwa a kan falale ita ce mugun abu, kamar ka taka gero a kan siminti.

In wani ya fara jiri ko ciwon kai ko amai a kai shi inuwa nan take, a jiƙa masa rawani, a haɗa ruwa lita 1 da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri ya riƙa kurɓa. In ya fara sambatu ko ya rikice wannan ya wuce gishiri da sukari, likita za a nufa. Ledojinku da ƙwallon dabino da komai su sauko tare da ku.

11. Sallama da lissafin kuɗi

Ka koma wurin maigari ka ce mun sauko lafiya, ka nuna masa hotunan a salula, za ka sha mamakin labarin da zai fito a lokacin wanda da safe ba a ba ka ba. Ka sallami ɗan rakiya abin da kuka yi da shi, in ya kyauta ka ɗora wani abu.

Tafiyata ta ƙarshe mu biyu a moto ɗaya ga yadda ta kama: esansi lita 3 wajen 1500F, goro 500F, ɗan rakiya jika 2, ruwa 300F, dabino da gujiya da kilishi jika 1, yaron da ya kula da moto 200F. Duka 5500F. Ka riƙe wata jika 2 daban a aljihu saboda faci, kuma kuɗin duk su zama canji don ba mai canja maka 10.000F a ƙauye.

In ka ga abin da ya fi ƙarfin kallo, kamar zane a dutse ko ƙasusuwa da ruwa ya tono ko wurin da wasu suka fara haƙa, ka kai hotunan da lambobin GPS gidan tarihi na nan Zinder ko ofishin al'adu na jiha, ko ka nemi malaman tarihi a Jami'ar André Salifou, su suka san yadda za su isar wa masu binciken IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu da ke Yamai. Kafin ka shiga gida kuma ka zauna a ƙofa ka cire ƙarangiyar da ke safa da ƙafar wando da hantsaki, ka zazzage takalmi da jaka a waje, kunama tana son lungun jaka.